Gyaran Wuyan Gitar Bas a Ƙasar Hunturu

Tsirkiyoyi huɗu na gitar bas, in an ɗaure su daidai a kan mi, la, re da sol, suna jan wuyanta da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 70 zuwa 80, dare da rana, ko ana kiɗa ko tana jingine. Gitar lantarki mai tsirkiya shida ba ta cika wuce kilo 50 ba, ga wuyanta gajere. Tun 1951, shekarar da Leo Fender ya fito da Precision Bass a Kalifoniya, tsawon tsirkiya daga matashinta na wajen kai zuwa jaki ya tsaya a milimita 864, kuma yawancin bas ɗin da ke shigo mana daga Sin da Indonesiya a kan wannan awon aka ƙera su. Wuyan bas baka ne da tsirkiyarsa, sai dai wannan bakan ba a son ya lanƙwasa fiye da kaurin takarda uku.

Masana'antun da ke ƙera su suna haɗa katakon ne a ɗakunan da laimar iska ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Rumbu da sauran garuruwan ƙasar Dakwaro na wajen kwarin Tarka, laima kan faɗi ƙasa da kashi 20 daga tsakiyar hunturu har cikin Maris, Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, sannan Agusta ya zo da iska mai nauyin ruwa. Katako yana shan ruwa daga iska, yana kuma mayar mata. Don haka wuyan bas a nan ba ya zama wuri ɗaya, tafiya yake da lokutan shekara. Yawancin waɗanda ake cewa sun mutu, a jefa su ƙarƙashin gado, ba abin da ya same su sai wannan. Ba kuwa za ka je kasuwar Sakabal neman mai gyaran gitar ba. Kai ne mai kiɗa, kai ne mai gyara. Abin da zai tsare ka daga ɓarna shi ne ka auna kafin ka taɓa, ka fara da abin da in ka juya shi za ka iya mayarwa, magagari kuwa ya zo a ƙarshe, don abin da ya ci ba ya dawowa.

Kayan aikin ba su da yawa. Rabinsu suna wurin makanikin babur: alanki na milimita 1.5, 2, 2.5, 4 da 5, sukudireba mai bakin gicciye, da siraran ƙarafan nan da ake auna tazarar bawul da su. Sauran na kafinta ne da na mai tebur: ƙaramin magagari mai laushin haƙori, samfefa lamba 320, 600 da 1000, farin gam na katako, sufagulu, salatif na takarda, reza, maka, da robar cikin tayar keke da aka tsattsaga dogo-dogo. Samfefa mai laushi da tsirkiya sai Maraɗi, kimanin kilomita 120 kudu da Dakwaro, ko Yamai, ko Sabon Garin Kano. In ka sami mai tafiya, ba shi saƙo tun buƙata ba ta taso ba.

Awo kafin komai

Ɗaure tsirkiyoyi a muryar da kake kiɗa da ita, ka ɗora bas ɗin a cinya yadda kake riƙe ta a wurin biki. In ka kwantar da ita a tabarma, nauyin kanta zai ɓata maka awo. Firet, wato ƙarafan da ke gicciye a kan allon yatsu, daga wajen kai ake ƙirga su. Danne tsirkiyar mi, mai kaurin, a firet na 1, ka sa wani ya danne ta a inda wuya ya shiga jiki, wajen na 17. Yanzu tsirkiyar ta zama miƙaƙƙen layi. Dubi tazarar da ke tsakaninta da kan firet na 7 ko na 8. Abin da kamfanin Fender ke nema a nan milimita 0.30 ne zuwa 0.35. In ba ka sami ma'aunin bawul ba, farar takardar rubutu kaurinta kusan 0.1 ne, ke nan uku a haɗe su shige da ɗan gogawa. Katin banki 0.76 ne, in ya shige sakayau, wuya ya yi kwari da yawa. In ko takarda ɗaya ta ƙi shiga, tsirkiya na kwance a kan ƙarfe, to wuya ya miƙe sarai ko ya yi doro. Maimaita awon a tsirkiyar sol. Ɗan bambanci ba komai ba ne, amma in gefe ɗaya kwari ne ɗayan kuma doro, wuyan ya murɗe, za mu zo kansa.

Kunne ma yana awo. Bi kowace tsirkiya firet bayan firet, ka saurari inda ƙarar zirr ɗin nan ke fitowa. In daga na 1 zuwa na 5 take, wuya ya miƙe da yawa ko ya yi doro. In sama da na 12 murya ke shaƙewa, jaki ya yi ƙasa, ko gindin wuya ya yi tudu. In a wuri ɗaya tak take, firet ɗin da ke gaba da yatsanka ne ya ɗaga. In sai a buɗaɗɗiyar tsirkiya, kana dannawa ta ɓace, matashi ne ya cinye. Kafin ka zargi wuya ma, taɓa kunnuwan ɗauri da ƙusoshin jaki ɗaya bayan ɗaya yayin da tsirkiya ke kuka. Sau da yawa wata washa ce ta saki saboda katako ya bushe a ƙarƙashinta.

Akwai wani abu da ba ciwo ba ne, kada ka ɓata lokaci a kansa. A yawancin bas masu ƙirar Fender, tsirkiyar sol tana da wurin da murya ke mutuwa da wuri, tsakanin firet na 5 da na 7. Rawar katakon wuyan ce ke shanye wannan muryar. Ba magagarin da zai gyara ta.

Sandar cikin wuya

A ƙarƙashin allo akwai sandar ƙarfe kwance cikin rami, ita ke ja gaba da jan tsirkiya. Wani ma'aikacin kamfanin Gibson, Thaddeus McHugh, shi ya nemi rajistar dabarar a 1921. Notinta yana wajen kai a yawancin bas, wani lokaci a ƙarƙashin ɗan marfin roba. A wasu kuma yana gindin wuya, sai ka sassauta ƙusoshi huɗun baya ka ɗaga wuyan kafin ka kai gare shi. In kana fuskantar notin, juyi dama, yadda hannun agogo ke tafiya, ɗaurewa ne, yana rage kwari. Juyi hagu sassautawa ne, yana barin tsirkiya ta ja wuya gaba, shi ne maganin doro.

Ƙasar nan ba ta rasa masu dabara ba. Mdou Moctar da wayoyin birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko, kuma ƙungiyoyi irin su Etran de L'Aïr, da ke kiɗan biki a Agadas tun 1995, ba da kayan kanti sababbi suka fara ba. Amma alanki ba ya karɓar dabara. Ko dai daidai yake ko a bar aikin. Bas ɗin Sin da Indonesiya galibi na 4 ne ko na 5. Fender na Amurka da Meziko da awon inci ake yin su, yawanci 3/16, wato milimita 4.76: na 5 ba ya shiga, na 4 yana shiga yana rawa, kuma shi ne mai cinye bakin noti. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda kan cika ramin notin ta daskare, alanki ya shiga rabi ka ɗauka ya kai. Tone ramin da allura, ka hure, har sai alankin ya zauna duka bai motsi.

Makanike zai ara maka kaya, amma hannunsa ya saba da notin da ba ya jin magana sai da ƙarfi. In ya ce, "Kawo nan, yaro, in ɗaure maka shi tamau," ka ce, "A'a maigida, Allah ya ƙara girma, alankin kawai za a ara mini." Zaren sandar nan siriri ne. In ta tsinke a ciki, sai an ɓamɓare allo gaba ɗaya kafin a kai gare ta.

Sa alama da maka a jikin notin don ka san inda ka taso. Sassauta tsirkiyoyi. Ko da ɗaurewa kake so, fara da sassauta notin kaɗan don ka ji ko yana tafiya. In irin mai fita ne, zare shi duka, ka goge zaren, ka shafa ɗigon man keken ɗinki ko basilin, ka mayar da shi inda alama take. Daga nan sai juyi: kwata ɗaya, wato kashi ɗaya cikin huɗu na zagaye, ka tsaya. Mayar da tsirkiyoyi muryarsu, ka sake awo da takardunka uku. Katako ba ya amsawa duka nan take, wani wuyan sai ya kwana. Kada ka wuce rabin zagaye a yini. In kana ɗaurewa, taimaki sandar: wani ya danne jikin bas ɗin a kan tebur, kai kuma ka tura kan baya a hankali da hannu ɗaya, ɗayan na juyi. Da zarar ka ji noti ya cije, ko ka ji ƙas, cire hannunka.

Wasu sababbin bas suna da sanda mai aiki biyu, wadda ke turawa gaba da baya. Notinta a like yake, ba ya fita. Za ka gane ta in kana sassautawa ka ji ta yi sako-sako, can kuma ta sake kamawa. Kada ka nemi zare shi.

To in noti ya kai ƙarshen zarensa, kwari kuma na nan? Wannan shi ne ciwon tsofaffin bas a ƙasa mai fari: katakon da ke ƙarƙashin notin ya lotsa, sanda ta rasa abin dogara. Zare notin, ka zura ƙaramar washa ɗaya ko biyu a kan sandar, waɗanda aka rage wa gefe har suka shiga ramin, ka mayar da noti. Ka sami sabon zare ke nan. In wuyan mai taurin kai ne, cire tsirkiyoyi, ka sassauta notin, ka ɗora guntun katako ɗaya a firet na 1, ɗaya a na ƙarshe, ka gitta miƙaƙƙen ƙarfe ko katako mai kauri a bisansu. Sa abin matsi na kafinta a tsakiya, da tsumma a bayan wuyan, ka matsa a hankali har wuya ya yi ɗan doro. A haka za ka ɗaure notin ya kama, sannan ka saki matsin. Sandar ta fi iya riƙe wuyan da aka miƙar mata a kan ta miƙar da shi da kanta. In ka gama, koma wa tsirkiya marar kauri, lamba 40 zuwa 95 maimakon 45 zuwa 105, wuyan ya sami sauƙi.

Yawanci fari yana ƙara kwari, tsirkiya ta hau sama, yatsu su yi ciwo; damina kuma allo ya kumbura, wuya ya miƙe, ƙarar zirr ta fito a firet na farko-farko. Wani wuyan yakan saɓa, shi ya sa takarda ta fi zato. Sau biyu a shekara ya isa: in damina ta kankama a Yuli, da in hunturu ya zauna a Disamba. Rubuta abin da ka juya a ƴar takarda ka bar ta cikin jakar bas ɗin. Baɗi ba sai ka yi lalube ba.

Jaki, gindin wuya da matashi

Sai wuya ya daidaita ake taɓa jaki. Ba tare da danna komai ba, tazarar tsirkiyar mi da firet na 17 ta zama kusan milimita 2.4, ta sol kuma 2.0. Alanki na 2.5 da na 2 su ne ma'auninka, zura su a ƙarƙashi. Kowace tsirkiya tana da mazauninta a jaki mai ƙananan ƙusoshi biyu. Ɗaga su ko sauke su tare, kada mazaunin ya karkace. Mai nauyin hannu, wanda ke gasa da ganguna a fili da ampili marar ƙarfi, ya ƙara rabin milimita, ba laifi ba ne. Sannan buɗe manhajar saita murya a waya, ka daidaita buɗaɗɗiyar tsirkiya, ka danna ta a firet na 12. In muryar ta haura, ja mazaunin baya, nesa da wuya. In ta gaza, kawo shi gaba.

Wani lokaci mazaunan sun sauka har ƙasa, tsirkiya na nan sama. Kwance wuyan, ka yanka siririn kwali, irin na katin gayyata, faɗin santimita ɗaya, ka shimfiɗa shi a ƙasan aljihun wuyan ta wajen jiki, ka mayar. Kaurin 0.3 zuwa 0.5 kan isa. In ƙusa tana juyi ba ta kamawa, ramin ya cinye: cusa tsinken sakace masu tauri da farin gam, ka yanke su daidai, ka bari su kwana, ka sake huda da ƙaramin bakin huji. Kada ka sa ƙusa mafi tsawo, za ta ɓullo ta allo.

Matashi kuwa, danne tsirkiya a firet na 3 ka dubi na 1. Takarda ɗaya ta shige da ƙyar. In tsirkiya na taɓawa, tsagin ya yi zurfi. Gyaran gaggawa shi ne ka buga matashin a hankali ta gefe ya fita, ka sa kwali a ƙarƙashinsa. Na dindindin yana wurin mahauta. Matashin roba da ake sa wa bas mai araha ba ya kai ƙashi, kuma ƙashin ƙafar sa ko na raƙumi, wanda masu ƙera gitar a Turai ke saye da kuɗi, a ranar kasuwa a Sakabal ba ya wuya. Yanke bakunansa da zarto, ka fitar da ɓargo, ka dafa shi da ɗan omo, ka zubar, ka sake, har ruwan ya daina maiƙo. Shanya shi a inuwa makonni, don rana na tsaga shi. In ka ɗora shi a takarda ya kwana bai bar tabon mai ba, ya yi. Kwafi tsohon matashin, ka bar tsagogin da ɗan tudu, ka riƙa rage su kaɗan-kaɗan da guntun tsohuwar tsirkiya da aka naɗe da samfefa. Kowane tsagi ya gangara wajen kai, tsirkiya ta tashi daga bakinsa na gaba. Ɗigon farin gam biyu ya isa, don wata rana za a so cire shi.

Firet

Ƙarfe ba ya ƙanƙancewa da fari, allo kuwa yana yi ta faɗinsa. Shi ya sa cikin hunturu bakunan firet ke leƙowa ta gefe suna yankar tafin hannu. Kada ka gyara su a kaka ko farkon sanyi, za su sake fitowa. Jira Fabrairu ko Maris, lokacin da katako ya kai ƙarshen bushewarsa; wanda aka goge a lokacin ba ya dawowa. Rufe mikoro, wato masu ɗaukar sauti da ke ƙarƙashin tsirkiya, da salatif tukuna, don mayen ƙarfen da ke cikinsu yana janyo garin ƙarfe. Liƙa salatif a gefen wuya ƙasa da bakunan. Kwantar da magagari a tsawon gefen, ya hau baki uku ko huɗu a lokaci guda, ka riƙa tafiya da shi dogo ba dannawa. Kukansa zai gaya maka: ƙas-ƙas ne muddin yana cin ƙarfe, in ya yi laushi ya kai katako, tsaya. Sai ka karkata shi kamar digiri 30 ka gyara gangaren, ka bi kowace kusurwa da shafa biyu ko uku, ka ƙarasa da samfefa 600.

Firet da ya ɗaga, reza ke kama shi. Gitta bakinta ko gefen katin banki a kan firet uku. In tana rawa, na tsakiya ya fi tsawo. Kafin ka ɗauki magagari, danna shi da farce ka ga ko yana lotsawa, ko ka gwada zura takarda a ƙarƙashin kafaɗarsa. In ta shiga, ba tsawo ya yi ba, tashi ya yi don tsaginsa ya buɗe. Goge irin wannan asara ce, yana nutsewa a ƙarƙashin magagari ya sake tasowa. Shafa kakin zuma a katako gefe da gefe, ka ɗora guntun katako mai tauri ka buga a hankali da ƙaramar guduma, ka ɗiga sufagulu mai ruwa-ruwa a bakin tsagin ya tsotse, ka danne minti biyu. Abin da ya malalo ba ya kama kaki, reza za ta kankare shi.

In firet sun yi ramuka a inda aka fi dannawa, an zo babban aiki. Ƙarfensu gami ne na jan ƙarfe da zinki da nikel kusan kashi 18, ba shi da tauri. Tsirkiya mai kaushin naɗi, irin wadda kamfanin Rotosound ya fito da ita a 1966 tare da John Entwistle na ƙungiyar The Who, tana cin sa a ko'ina. A nan kuma ga rairayi ya shiga tsakani. Cire tsirkiyoyi, ka daidaita sanda har wuya ya miƙe sarai. Ja layin maka a kan kowane firet. Liƙa samfefa 320 a gilashi mai kauri, tsawon santimita 30 zuwa 40, wanda aka dushe wa baki. Tafi da shi daga kai zuwa gindi da nauyinsa kawai, kana bin kumburin allon daga gefe zuwa gefe. Da zarar tawada ta gushe a kan dukansu, ko da siririn layi ne, ajiye gilashin. Yanzu kawunansu sun baje, in ka bar su haka murya za ta karkace. Rufe katako da salatif, ka sake sa maka, ka ci kafaɗun kowanne da ƙaramin magagari mai kusurwa uku wanda aka dushe wa kaifin kusurwoyi a dutsen wasa wuƙa, har layin tawada ya rage siriri a tsakiya. Wannan layin kada ka taɓa shi. Sai 600, sai 1000. Aikin yini ne cur, kuma wanda bai taɓa yi ba ya fara gwadawa a mataccen wuya. Firet da tsawonsa ya gaza milimita 0.7 ba shi da abin ba magagari, sai sauyi.

Allo

A Janairun 2017 yarjejeniyar CITES ta ƙuntata cinikin katakon rosewood, har da madobiyarmu ta Afirka ta Yamma, sai masana'antu da yawa suka koma wa pau ferro da laurel. Waɗannan sun fi haske, suna kama da busasshen katako ko da lafiyarsu lau, mutane kuma sai su yi ta ɗura musu mai. Mai ba ya mayar wa katako ruwa. Ɗigo kaɗan na man farafin na kantin magani a tsumma, sau ɗaya ko biyu a shekara, a shafa a goge tas. Man gyaɗa, man shanu da man kaɗe suna ɗoyi, suna tara ƙura, su bi tsagi su sassauta firet. Baƙin man inji kuwa ba a maganarsa. Farin allo mai ƙyallin banis ba ya son mai sam, ɗanyen tsumma ya ishe shi.

Tsaga siririya a tsawon allo, hure ƙurarta, ka cika ta da garin katako, ka ɗiga sufagulu, in ya bushe ka kankare da reza a tsaye. Garin da ka kankaro daga ƙarshen allon kansa shi ya fi dacewa da launi.

Ɓamɓarewar allo daga wuya aikin zafi ne. Farin gam yana fara saki wajen digiri 60, kuma baƙar jaka a saman motar kasuwa cikin Afrilu tana kaiwa nan. Bi gefen da takarda ka ga iyakar inda ya buɗe. Cire tsirkiyoyi, ka sassauta sanda duka. Zura siririn samfefa a tsagin ka ja shi ya kwashe tsohon gam. Shirya komai ka gwada ɗaurin ba gam tukuna, don iskar nan tana busar da gam kafin ka juya. Da sassafe ake wannan aiki. Tura gam da bakin reza ta gefe biyu, amma kada ka cika tsakiya inda sanda take, in ta like ka kashe ta. Naɗe wuyan da robar taya, kana ja sosai, zagaye kusa da zagaye, kana shafa gefen da yatsa don ka tabbata allo bai zame ba. Ɗaura miƙaƙƙen katako a bisa firet da wata robar. Goge abin da ya tsattsafo da ɗanyen tsumma, ka bar shi awa 24, tsirkiya kuma sai bayan kwana biyu. Gam ɗin masu gyaran takalmi ba ya nan. Roba ne, yana miƙewa a ƙarƙashin ja.

In abin ya fi ƙarfin gyara

Tudun gindin wuya, a ci firet huɗu ko biyar na ƙarshe da gilashi, na ƙarshen ya fi ciwuwa. Ƙaramar murɗewa ma goge firet kan ɓoye ta. Babba kuwa, gasawa da matsi na iya miƙar da ita wata biyu ta koma, ni ban ga ribar wahalar ba. Nemi wani wuyan daga matacciyar bas. Auna daga matashi zuwa firet na 12: ya zama milimita 432. Akwai gajerun bas masu tsawon 762, wuyansu ba zai yi ba ko da ya shiga aljihu. Faɗin gindi a ƙirar Fender 63.5 ne, kuma mai firet 24 ba ya maye gurbin mai 20.

In wuya lafiya lau, firet ne suka ƙare kuma ba wayar sauyi, akwai hanyar Jaco Pastorius, wanda ya cire na Jazz Bass ɗinsa ƙirar 1962 ya shafe allon da gam ɗin jirgin ruwa. Ɗumama kowane firet da ƙarfen like na mai gyaran rediyo, ka ɗaga shi a hankali daga baki ɗaya. Dole a cike tsagogin da siraran katako da gam, in ba haka ba wuya zai rufta gaba. Goge allon, ka sauke matashi. Kunnen da ya tashi da goge da gurmi da molo ba baƙo ba ne a allon da ba firet. Sai dai a fili, cikin hayaniya, kusa da gitar masu firet, ɗan kuskuren yatsa yana fita fili. Ban ba ɗan koyo wannan shawarar ba.

Ajiya

Ɗakin ƙasa ya fi na kwano nesa ba kusa ba, musamman kusa da randa, inda iska ke da ɗan sanyi. Kada dai ta taɓa ƙasa ko bango, saboda gara; ɗora ta a kan gado ko tebur cikin jakarta. Daga Nuwamba zuwa Mayu, jiƙa soso ka matse shi sosai, ka sa a gidan sabulu mai huji cikin jakar, nesa da mikoro, ka riƙa duba shi bayan kwana biyu ko uku. Da ruwan farko ka cire shi, in ba haka ba tsatsa da fumfuna su biyo. In za a hau mota, bas ta shiga ciki a tsakanin ƙafafunka; a babur kuwa a naɗe jakar da farin zane. Goge tsirkiyoyi da allo da busasshen tsumma duk bayan kiɗa, sama da ƙasa.

Mai tafiya ci-rani kada ya kwance tsirkiyoyi duka ya bar sanda a ɗaure, zai dawo ya tarar da doron da sassauta noti ba ya warkarwa. Sauke kowace tsirkiya murya ɗaya, mi ta koma re, ka sassauta sanda kwata ɗaya, ka rubuta a takardar jaka, ka bar wa wani a gida amanar soson.